Kujerar Adda a Motar da Ba Ta da Rufi

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, ni da wasu abokaina muka kafa wata 'yar ƙungiya a Tambuwal. Ba wata babbar aba ba ce. Rumfar kwano ce a bayan tasha, inda muke tara samarin da suka gama sakandare suka rasa abin yi, muna koya musu gyaran babur da walda. Na ce "muna koya musu", amma gaskiya ni ban taɓa koya wa kowa ɗaure noti ba. Ni malamin makaranta ne, aikina a ƙungiyar shi ne jawabi da tarbar baƙi, kuma na iya su ƙwarai. Mai koyarwa na ainihi wani bakanike ne, dattijo marar yawan magana, da ya yarda ya riƙa ba mu yammacinsa kyauta.

Da farko rumfar cike take, amma a hankali samarin suka fara zamewa. Ban ga laifinsu ba. 'Yan matattun babura ne kawai muke da su, yau a kwance, gobe a ɗaura, jibi a sake kwancewa. Wasu suka koma zaman bakin titi, wasu suka fara maganar tafiya ramin haƙar zinare, wurin da muka san an sha zuwa ba a dawo ba. Iyayensu kuwa ni suke tarewa a masallaci suna tambaya, domin ni ne na bi gida gida na yi musu daɗin baki.

Ana cikin haka wani abokina da ke aikin asibiti a Kebbe ya kira ni, ya ce akwai wani Alhaji da ke son ba ƙungiyarmu kyautar mota. Daren nan har lissafi na yi na yadda za mu riƙa kwasar yara a bas muna zuwa gasar ƙwallo. Washegari na zuba babbar riga, na goya bakaniken a babur, muka nufi Kebbe.

Alhajin ya karɓe mu da fara'a, ya ratsa da mu ta gefen garken shanu zuwa bayan gidan. Can jikin katanga ya ɗaga wata tsohuwar zana, kaji suka watse. Abin da na gani ya sa na cire hula na sosa kai. Wata 'yar mota ce mai kujera biyu rak, babu rufi, doguwar gaba, ga ta ƙasa ƙasa kamar takalmi. Tayoyin sun nutse cikin ƙasa, fentin ya koma kalar tukunya, kujerun kuwa awaki sun gama da su tun da daɗewa.

Alhaji ya ce, "Ga ta nan, Malam. Ta Baba ta, Allah shi jiƙan shi. Sa'ad da yana malamin dabbobi yas saye ta ga wani Bature da za shi gida. Tun da yar rasu ba wanda yat taɓa ta. Ni ɗaki nika son ginawa wuringa. Ku ɗauke ta, na ba ku sadaka, Allah shi kai ladan kabarinai."

Ina neman yadda zan yi godiya in zame, sai na waiga na ga bakaniken ya riga ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashinta. Ya buɗe gaban, ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ɗago ya ce mini, "Malam, karɓi." Tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba sai ranar.

Shanun noman Alhaji ne suka jawo ta daga ramin da ta yi wa kanta, muka ɗora ta a motar albasa zuwa Tambuwal. Da na koma gida ina ba mahaifiyata labari, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wagga mota ta mamaci, an raba gadonta?"

Na yi dariya na ce, "Inna, wane gado? Kaji ka kwana cikinta."

Ta ce, "Kajin ma in shi yab bar su, suna da masu su." Ta ci gaba da tankaɗenta, ni kuma na wuce na bar maganar a nan.

Abin da ban zata ba shi ne yadda motar za ta dawo mana da samarin. Ranar da aka sauke ta, sun zo ne don su yi mana dariya. Kafin mako ya zagayo, waɗanda suka fi kowa dariya su ne ke rigima a kan wanda zai kankare tsatsa. Har masu shirin tafiya zinare suka ce bari su ga ƙarshen wannan abu tukuna. Bakaniken ya raba su, wasu a inji, wasu a wayoyin wuta, wasu a bugun jiki da walda. Kayan gyaranta babu su a kasuwa, don haka sai dabara: a ɗauko na wata motar a goge, a rage, a ƙara, har ya zauna. Abin da ya gagara a je wa maƙeri ya ƙera. Kujerun kuma muka kai wa wani baduku ya lulluɓe su da jar fatar akuya irin tamu, ya yi musu ɗinki mai kyau kamar na matashin zaure. Ni ma ba a bar ni a baya ba, an ba ni riƙon tocila, har sai da aka gane ba na haska inda ake so aka karɓe.

Tun farkon damina ake wannan fama har aka yi girbi. Ranar da za a tayar da ita, rumfar ta cika har da masu shayi da 'yan acaɓa. Aka murɗa, ta yi tari ta yi shiru. Aka sake, ta yi shiru. Can sai ta yi wata irin gyatsa, salansa ta feso ɓawon gyaɗar da ɓeraye suka shekara suna tarawa, duk a kan rigata, domin ni ne na zaɓi tsayawa a baya don in ga da kyau. Sannan injin ya kama, da wata murya mai kauri da ta fi ƙarfin jikinta. Na ga samarin da ke jin kunyar gaishe ni a hanya suna rungumar juna. Ni kaina sai da na juya baya na share ido, na ce hayaƙi ne.

Aka fesa mata jan fenti, ta fito fes. Shirinmu shi ne mu riƙa ba da ita haya ga angwaye da masu ɗaukar hoto, abin da aka samu a sayi kayan aiki. Samarin suka ɗauke ta a waya suka watsa, kuma daga nan matsala ta taso. Wani mai tara tsofaffin motoci daga birni ya gani, ya bi diddigi har ya samu dangin mai ita, ya ce zai saya.

Wata ranar kasuwa sai ga wani mutum ya sauka daga babur a bakin rumfa. Ya gaishe mu cikin mutunci, ya ce shi ƙanin Alhajin Kebbe ne, a Sanyinna yake zaune. Ya zagaya motar, ya sa albarka, sannan ya ce, "Malam, ba rigima ta kawo ni ba. Amma motag ga ba a raba ta ba. Da anka raba gona da shanu an mance da ita, don ba wanda yaɗ ɗauke ta dukiya. Yaya ya ba ku abin da ba nashi na shi kaɗai ba."

Nan take muryar mahaifiyata ta dawo mini, har da ƙarar rariyarta. Na je wurin limaminmu ina fatan ya samo mini wata kafa, ya ce babu. Kyautar Alhaji ta tsaya a kan rabonsa kawai. Sauran magada sai kowa ya yafe da bakinsa, in ba haka ba a sayar a raba. Na dawo na faɗa wa samarin abin da liman ya ce. Suka ajiye sifanu ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikin manyansu ya ce, "Ashe gyara muka yi wa mai kuɗɗi, Malam." Washegari rabinsu ba su zo ba, kuma maganar zinare ta dawo.

Na shiga zagayen neman yafiya. Alhajin Kebbe kunya ta rufe shi, ya yi ta ba ni haƙuri, shi ya riƙa kira mini 'yan'uwansa a waya. Yawancinsu suka yafe ba tare da jan magana ba, wata ma ta ce ita ta ɗauka an daɗe da sayar wa 'yan gwangwan. Saura mutum biyu. Na Sanyinna ya ce shi yana son a sayar, kuma da na je gidansa na gane dalili. Ciwo ya shiga garkensa a bara, sa ɗaya ya rage masa, ga damina na tafe babu abin ɗaura wa garma. Ban iya ganin baƙinsa ba. Da zan tafi ya raka ni ƙofa ya ce, "Ka tafi Fakku wurin Adda. Ita tar rene mu bayan rasuwar innarmu. Abin da tac ce, shi na, ko ban so ba."

Adda ita ce babbar yayarsu, kuma ita kaɗai ce ba wanda ya tuna ya gaya wa komai. Da na tambayi Alhaji, sai ya ce, "Tsohuwa, mi ag gaminta da mota?"

Na same ta a Fakku tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin ido, wadda kowa a garin, babba da yaro, Adda yake ce mata. Na zauna na zuba jawabin da na kwana ina shiryawa, na kawo zancen matasa, da sadaka mai gudana, da ladan da zai isa kabarin mahaifinta. Ta bar ni har na gaji don kaina, sannan ta ce, "Ka iya magana, ɗana. Tana tafiya?"

Na ce tana tafiya.

Ta ce, "To a kawo ta in gani. A kira min ƙannena su zo su ma."

Duk wanda ya san hanyar Fakku ya san ba a yi ta don motar da cikinta ke shafar ƙasa ba. Lokacin hanya ba ta fara ba da tsoro ba, ramuka da yashi ne kawai abokan gaba. Na je na roƙi samarin, har waɗanda suka daina zuwa, na ce su taimaka mu kai ta, ko da rakiyar bankwana ce. Suka fito a kan babura suna biye da mu. Bakaniken na tuƙi, ni na hakimce a kujerar gefe da babbar riga, rana na dukan ƙeyata, ina ɗaga wa mutane hannu kamar mai neman ƙuri'a. Bayan mun wuce Kebbe sarautar ta ƙare. Duk inda aka iso kwazazzabo sai in sauka, samarin su kewaye ta su ɗaga cak su tsallakar. A wani busasshen rafi ta nutse cikin yashi, sai da wani manomi ya kwanto shanunsa ya ja mu. Mun fita da hantsi, ba mu isa ba sai bayan la'asar, kowa ya yi buɗu-buɗu. A bakin gari na karkaɗe riga na koma kujerata, don in shiga da mutunci.

Garin duka ya fito. Alhaji da ƙaninsa na zaune a ƙofar gida tare da limamin garin. Adda ta fito tana dogara sanda, ta tsaya tana kallon motar. Ta zagaya ta a hankali, tana shafa ta da tafin hannu kamar mai duba saniya. Da ta iso gefena ta tsaya ta dube ni, ina zaune ina murmushi, ta ce, "Ɗana, tashi." Na tashi da sauri har hulata ta faɗi.

Ta dafa kujerar, ta juya wajen ƙannenta ta ce, "Kun tuna wa ka wanke ta? Kowace Juma'a ni ka ɗebo ruwa rijiya, in wanke ta tas, har tayoyi. Baba shi fito shi ɗauki ɗaya cikinku, ku tafi masallaci. Ni in riƙe ƙofa ku fita, in rufe." Ba da fushi take maganar ba, har tana ɗan murmushi. "Yac ce min ranar aurena shi da kainai za shi kai ni da ita. Da ranar taz zo, gwaggonni sunka ce ba a kai amarya cikin mota marar rufi, duniya na kallo. Anka ɗora ni bisa doki. Dokin ma ba shi da rufi, amma ba wanda yal lura."

Mutane suka yi dariya, ita ma ta yi. Ƙannen nata dai kansu na ƙasa. Alhaji ya ce, "Adda, wallahi ban san ba ki taɓa shiga ba."

Ta ce, "Ina za ka sani, kai kana ciki."

Liman ya yi gyaran murya ya ce to, ga abin da ya tara mu, ko Adda ta yafe rabonta ga waɗannan yara? Ta ce, "Ban yafe ba."

Na kasa kallon samarin da suka wuni suna ɗaukar mota a kafaɗa. A raina na fara shirya abin da zan faɗa wa iyayensu.

Ta ci gaba, "Ban yafe ba, kuma ba ni sayarwa. Abu ɗaya Baba yab bar min da ban ci ba, ba ni bari wani baƙo shi kai shi birni shi rufe." Ta nuna na Sanyinna da sanda. "Kai, na san abin da ka damunka. Sa kaka so, ba mota ba. Ka shiga garkena ka kama bijimin nan mai farin goshi, ka bar min rabonka." Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Ban tambaye ka ba." Ya rufe fuska da hannun riga, ya ce ya bari.

Sannan ta juyo gare ni. "Motar ta zauna wurin yaran ga, su sunka tashe ta. Ku yi hayarku, ku sayi ƙarafunanku. Amma wagga kujera tawa ta, ita ar rabona. Duk ɗiyar da za a kai ɗaki ba ta da uba, in tana so, a ɗauke ta bisa kujerata, ba a karɓar ko sisi. Masu magana su yi ta yi."

Liman ya yi murmushi ya ce shi dai bai taɓa karanta inda aka raba mota kujera kujera ba, amma tunda magada sun yarda, sulhu ya halatta, kuma abin da ta yi waƙafi ne, jama'a su shaida. Aka shaida, aka shafa fatiha.

Ta miƙa wa wata jikarta sandar, ta gyara mayafi, ta ce a buɗe mata. Sai dai kujerar ta yi ƙasa da yawa, gwiwoyinta suka ƙi lanƙwasuwa. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta tsaya tana haki. Samarin suka dubi juna. Jikokinta mata suka matso suka tallabe ta suka zaunar a hankali, samarin kuma suka riƙe motar ta kowane gefe don kada ta motsa, ko da yake babu inda za ta. Bakaniken ya tayar, ya ja a hankali zuwa wajen rijiyar gari, yara na gudu a baya, mata na leƙe ta kan danga. Da suka dawo ya gaya mini abin da ta ce masa a hanya. Wai sun ɗan yi nisa ta dube shi ta ce, "Iyakar gudunta ke nan? Baba ya fi ka." Shi kuwa ya taka mata kaɗan, mayafin ya tashi, ta kama shi da hannu ɗaya tana dariya.

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, na jira ta ce ai ta faɗa mini. Ba ta ce ba. Ta ce in na sake zuwa Fakku in kai wa tsohuwar nan daddawa.

Motar tana nan har yau a rumfarmu, wadda yanzu ta zama shago mai ƙofa. Yawancin samarin farko sun buɗe garejin kansu, biyu daga cikinsu su ke koyar da na yanzu, kuma ba wanda ya tafi ramin zinare a cikin waɗanda suka ɗaga motar nan a hanyar Fakku. Amaren da aka kai a kujerar ban san adadinsu ba. Da farko an yi ta surutu, daga baya har masu uba suka fara neman alfarma, muna ce musu su biya haya kamar kowa.

Adda ta rasu 'yan shekaru bayan haka, Allah ya jiƙanta da rahama. Idan na tuna, godiya ce ke cika mini ciki, ga Alhajin da ya bayar da zuciya ɗaya, da ƙaninsa da ya zo da gaskiyarsa ba da faɗa ba, da dattijon bakaniken, da samarin. Amma na fi gode wa tsohuwar da na je roƙon ta yafe ta ƙi. Da ta yafe mini ranar da na zuba mata jawabi, da rabon ƙaninta na nan, da an sayar da motar. Tun daga lokacin, duk abin da aka kawo wa ƙungiya, ko tsohon injin ban ruwa ne, sai na tambayi na wane ne, kuma wa aka manta ba a tambaya ba.

Daga baya na koyi tuƙi, da ƙyar, kuma nakan fita da motar ranar Juma'a don kada batir ya mutu. Rannan ɗana ya biyo ni da gudu zai haye gefe, na ce ya bari in dawo in kai shi a babur. Ya ce ai ba kowa a kujerar. Na ce na sani, amma tana da mai ita, kuma sau ɗaya aka taɓa tayar da ni daga kanta, ya ishe ni. Ko hulata ba na ajiyewa a wurin.